Haɗe Leyoyi da Share Layukan da Suka Hau Kan Juna a AutoCAD

Tambaya: Malam, an turo mini zanen gini da ya bi ta hannun mutum uku kafin ya iso gare ni, na tarar da leya (wato rukunin da ake kasa abubuwan zane a cikinsa) fiye da sittin a zanen, wasu ma sunayensu kusan ɗaya ne, kamar BANGO da BANGO-1. Na yi amfani da umarnin PURGE, mai share abubuwan da ba a amfani da su a zane, amma leyoyin sun ƙi fita, kuma duk lokacin da na goge layi sai in ga wani kwance a ƙarƙashinsa. Yaya zan tsabtace wannan zane ba tare da na lalata shi ba?

Amsa: Abin da ya hana PURGE yi maka aiki shi ne, ba ya taɓa leyar da ke ɗauke da wani abu, ko da kuwa ɗigo ɗaya ne da ya ɓuya a cikin bulok, wato tarin abubuwan da aka haɗe suka zama abu guda. Maganin wannan shi ne umarnin LAYMRG, wanda ke kwashe duk abin da ke kan leyoyin da ka zaɓa ya mayar da shi kan leya guda, sannan ya share tsofaffin. Ka rubuta umarnin, ka zaɓi leyoyin da za su tafi ta hanyar sunayensu, daga nan ka nuna wadda za ta karɓe su. Ba zai yarda ya haɗe leyar da kake aiki a kanta a lokacin ba, don haka ka fara komawa kan leya 0, wadda ita kanta ba ta gogewa.

Akwai abin da ke ba mutane mamaki a nan. Duk layin da launinsa da kaurinsa ke bin leya, wato ByLayer, zai ɗauki kamannin sabuwar leyar nan take, amma wanda aka sa wa launi da hannu zai ci gaba da zama yadda yake, don haka sai ka bi irin waɗannan da umarnin SETBYLAYER, wanda ke mayar da su bin leya.

Sai bayan ka gama wannan ne za ka kira OVERKILL, umarnin share layukan da suka hau kan juna, wanda ya daɗe a cikin ƙarin kayan aiki na Express Tools kafin kamfanin Autodesk ya shigar da shi cikin ainihin manhajar a AutoCAD 2012. Dalilin da ya sa za ka jinkirta shi sai bayan haɗe leyoyi kuwa, yana kwatanta siffofin abubuwa kafin ya ɗauke su a matsayin maimaici, don haka layuka biyu da ke wuri ɗaya amma a leyoyi daban za su tsira. Ana iya umartarsa ya yi watsi da bambancin leya, sai dai ni ba na ba da wannan shawara a zanen gini, domin sau da yawa da gangan ake ɗora layin bututu a kan layin bango, kuma da zarar ya share ɗaya, bayanin ya tafi.

Wurin da ya fi buƙatar hattara shi ne gurbin Tolerance, wato iyakar tazarar da za a ɗauki layuka biyu a matsayin ɗaya. Ka fara da ƙaramin adadin da ka tarar a wurin, ka duba layin umarni ka ga nawa ya share, sannan ka ƙara kaɗan idan akwai buƙata. Ka kuma lura da ma'aunin zanen, domin adadi 1 a zanen da aka yi da milimita ba komai ba ne, amma a zanen mita zai iya haɗiye fuskoki biyu na bango su zama layi guda.

OVERKILL ba ya shiga cikin bulok da kansa, sai ka buɗe kowanne da BEDIT ka maimaita aikin a ciki. Kafin ka fara komai ka adana kwafin fayil ɗin da wani suna, idan ka kammala kuma ka gudanar da AUDIT, mai duba kurakuran fayil, sannan ka sake gwada PURGE, wanda a wannan karon zai samu abin sharewa.