Shafin Shari'a: Ta yaya za mu san wane lauya ya ƙware a kan me?

Tambaya: Ranka ya daɗe Barista. Ni ke kula da harkokin wani ofishin lauyoyi a Gombe, mu tara ne har da maigidanmu. Watan jiya wani banki ya ce kafin ya ɗauke mu aiki sai mun kawo jerin shari'o'in bashi da muka taɓa yi, da sunan lauyan da ya riƙe kowace. Kwana uku muna tonon fayil a sito, ba mu haɗa abin kirki ba. Yanzu maigida ya ce in nemo manhajar kwamfuta. Ta ina zan fara?
Daga wata mai karatu, Gombe

Amsa: Ƙanwata, ki ajiye maganar manhaja tukuna. Abin da ba a rubuta ba, babu kwamfutar da za ta nemo miki shi.

Na taɓa cin karo da irin wannan a ofishina a nan Bauchi. Wani dattijo ya kawo mana rikicin gado: magada goma sha ɗaya, gonaki biyu da gida a Wunti. Na miƙa wa wanda ya fi kowa daɗewa a aiki, gwani ne a shari'ar fili a Babbar Kotu, amma rabon gado ba fagensa ba ne. Zama biyu muka yi a kotun Musulunci muna tangal-tangal. Ashe yarinyar da ke teburin bakin ƙofa, wadda muke aika wa neman ɗage zama, ta karanci Shari'ar Musulunci a jami'a, kuma ta yi irin wannan ƙara har huɗu a inda ta baro. Ba wanda ya taɓa tambayarta. Har yau abin yana damuna, domin dattijon ne ya biya kuɗin sakacina da lokacinsa.

Tun daga nan na kafa doka: ba a rufe fayil sai an cike takarda guda. Lambar ƙara, kotun da aka yi ta, irin shari'ar, shekarar farawa da ta gamawa, da yadda ta ƙare, hukunci ne ko sulhu. Wannan mai sauƙi ne. Inda aikin yake shi ne layin da ke cewa wa ya yi me. Sunaye uku na iya fitowa a takardar hukunci, alhali ɗaya ne ya rubuta hujjoji cikin dare, ɗaya ya tsare shaida da tambayoyi, na ukun kuwa rakiya ya yi. In kika rubuta su duka a matsayin "sun yi shari'ar", kin yaudari kanki. Ki bambance wanda ya jagoranta, da wanda ya rubuta, da wanda ya zauna yana koyo. Kuma kada lauya ya ba kansa maki. Wanda ya jagoranci ƙarar ne zai sa hannu.

Ki kasa aikin gida-gida yadda yake zuwa muku: fili, bashi, gado da aure, laifuka, rikicin ma'aikata, ƙarar zaɓe. Ta ƙarshen nan ba ta jira. Kwana 21 ake da su a shigar da ita bayan sanar da sakamako, kotun zaɓe kuma ta yanke hukunci cikin kwana 180. Ranar da ɗan takara ya shigo da kwalayen takardu ba ranar tambayar "wa ya taɓa yi?" ba ce. Ki ƙara da harsunan da kowa ke ji. A Gombe, lauyan da ke jin Fulatanci ko Tangale zai fahimci shaida fiye da wanda ya dogara da tafinta.

Mutum tara, Excel, wato manhajar jera bayanai a jadawali, ya ishe ku, muddin mutum ɗaya ne ke shigar da bayani, kuma ana ajiye kwafi a wani wuri dabam.

Sai ki kiyaye amana. Ƙa'idojin aikin lauya sun hana fallasa sirrin wanda kuke wakilta, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. A jerin da za ki kai banki, ki rubuta "wani dillalin taki" maimakon suna, sai fa in mai shi ya yarda.

In abokan aikinki sun ja ƙafa, ki tuna musu cewa mai neman muƙamin SAN, wato Babban Lauyan Najeriya, sai ya shekara goma yana aiki, kuma sai ya gabatar da hukunce-hukuncen da ya tsaya a kansu daga Babbar Kotu har Kotun Ƙoli. Wanda ya tara lambobin ƙararsa tun yanzu ba zai yi yawon ofisoshin rajistar kotuna daga baya ba.

Tsofaffin fayilolin sito kuwa, ki ɗauki na shekara biyar da suka wuce, goma-goma kowace Juma'a da safe, ki zaunar da magatakardan da ya fi daɗewa a ofishin kusa da ke. Ki fara da na bashi, tunda su bankin ke jira.