Kowa na cewa "Masha Allah", ba mai cewa "nawa ne?"

Wani matashi daga Zariya ya aiko da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum Malam. Ina zanen fuskokin mutane da fensir da gawayi, shekara biyu ke nan ina ɗora aikina a Facebook da Instagram. Zane ɗaya yakan ci min kwana huɗu ko biyar, amma in na ɗora, mutum talatin ko arba'in ne ke dangwala laik, kuma kullum su ne dai, 'yan ajinmu da 'yan'uwa. Abin da suke rubutawa bai wuce 'Masha Allah' da 'Allah ya ƙara basira' ba. Ba wanda ya taɓa nuna min inda na yi kuskure. A wata uku aiki biyu kawai aka ba ni. Na tara naira dubu 20, wani ya ce in sayi mabiya, wani ya ce in biya Facebook ya tallata min. Wanne ya fi? Ga hotuna uku na aikina."

Wa'alaikumus salam, ƙanina. Ka mayar da kuɗin nan aljihu tukuna. Batun sayen mabiya kuwa ka cire shi daga ranka kwata-kwata. Mafi yawan abin da za a sayar maka shafukan bogi ne, ba mutum a bayansu. Su kuwa manhajojin nan abin da suke dubawa shi ne, cikin waɗanda aka nuna wa zanenka, mutum nawa suka tsaya suka kalla, nawa suka tura wa wani. In ka tara mabiya dubu goma da ba sa motsi, ka gaya wa manhajar da bakinka cewa aikinka ba ya tsayar da kowa. Ka kashe kuɗi ka sayo wa kanka koma-baya.

Na buɗe hotunan da ka haɗo, kuma na daɗe a kan na tsohuwar nan mai mayafi. Hannunka yana da kyau, ba faranta maka rai nake ba. Tamojin da ke gefen idonta kamar mutum ya sa yatsa ya shafa. Amma dubi yadda ka ɗauki hoton. Ka shimfiɗa takardar a kan ledar ɗaki mai furanni, da dare, ka kunna fitilar waya. Baƙin fensir yana da ƙyalli, shi ya sa goshin tsohuwar ya koma fari fat, wurin da na tabbata ka ɓata awa biyu kana shafa shi. Inuwar hannunka ta rufe haɓarta, ga gefen katifa yana leƙowa. Kwana biyar kana wahala, sannan ka ba hoton daƙiƙa biyar. Wanda ke Kaduna ko Maraɗi ba takardarka yake gani ba, wannan hoton yake gani, shi ne shagonka gaba ɗaya.

Gyaran wannan ba ya cin ko sisi. Ka fito da zanen da hantsi, ka manna shi a bango cikin inuwa, kamar bakin zaure inda haske ke shigowa amma rana ba ta dukansa. Ka goge idon kyamara da gefen riga, ka kashe fitila, ka riƙe wayar daidai da tsakiyar takardar, kada ta karkace. Ka ɗauki ɗaya na duka zanen, ɗaya na kusa da ido ko leɓe, ɗaya kuma kana riƙe da shi don a san girmansa. In za ka tura wa mai saye ta WhatsApp, ka danna HD ko ka tura shi a matsayin fayil, domin manhajar tana matse hoto, ƙananan layukan da ka sha wuya a kansu su narke.

Sannan ka fara nuna hannunka yana aiki. Yau akwai manhajojin da ke mayar da hoto ya zama kamar zanen fensir cikin ƙiftawar ido, saboda haka wanda bai san ka ba yana da dalilin yin shakka. Bidiyon daƙiƙa ashirin ko talatin, daga farar takarda har ido ya fito, yana kore wannan shakkar, gani ya kori ji. Kuma shi ne abin da manhajojin ke yaɗawa zuwa ga waɗanda ba mabiyanka ba. Shugaban Instagram, Adam Mosseri, ya bayyana a farkon 2025 cewa abubuwan da suka fi nauyi wajen yaɗa abu su ne tsawon lokacin da aka ɗauka ana kallo, da laik, da turawa ga wani. Ka riƙe na ƙarshen nan. Kafin ka ɗora komai ka tambayi kanka: wa zai ga wannan ya tura wa ɗan'uwansa, kuma don me? Zane ɗaya na kwana biyar zai iya ba ka abin ɗorawa huɗu ko biyar, maimakon ka ɓace mako guda sannan ka ɓullo da hoto ɗaya tilo.

Wataƙila ka san labarin Eli Waduba Yusuf, mai zanen fensir a Kaduna. A watan Fabrairun 2019 ya zana ɗan wasan barkwancin Amurka Kevin Hart, ya ɗora a Twitter, ya roƙi jama'a su taya shi yaɗawa har ya kai ga mai fuskar. Ya kai kuwa, Kevin Hart ya amsa ya ce zai saya, ya kuma nemi ya zana masa wasu abokansa uku. Matasa da yawa abin da suka ɗauka daga labarin shi ne su yi ta zana taurari suna jiran sa'a. Ni abin da na ɗauka daban ne: aikin ya nuna kafin a kai shi kasuwa, kuma ya nemi abu ɗaya tak daga jama'a, abin da kowa zai iya yi da yatsa ɗaya. Zanen fitaccen mutum yana jawo 'yan kallo, ka riƙa yi jefi-jefi. Amma wanda zai ciro kuɗi shi ne mai son fuskar mahaifiyarsa, ko ta mahaifinsa da ya rasu ba a bar masa komai ba sai ɗan fasfo da ya koɗe, ko abokan ango masu neman kyautar da ba a saba gani ba.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya min a wasiƙarka, batun gyara. Na ji daɗi da ka nema, domin da yawa yabo suke nema su kira shi shawara.

Kada ka ga laifin masu "Masha Allah". Addu'a suka yi maka, kuma da zuciya ɗaya. Mu mutane ne masu kara. Ɗan ajinku ba zai rubuta a bainar jama'a cewa hancin ya karkace ba, don ya san za a ce hassada ce, ko a ce ya ci maka fuska. Goggonka kuwa, ko da me ka zana, ɗanta take gani. Wurin sharhi a Facebook dandalin biki ne, ba a gyara wa amarya ɗaurin ɗankwali a tsakiyar fili, sai an ja ta gefe. To kai ma ka ja mutane gefe.

Kuma ka daina tambayar "ya kuka gani?" Wannan tambaya amsarta ɗaya ce, "ya yi kyau". Ka yi tambayar da ba a iya amsa ta da addu'a. "Idon hagu da na dama, wanne ya fi sauka?" "In ka rufe fuskar da hannu, mayafin ya yi kama da yadi ko da takarda?" "Ga guda biyu, wanne za ka rataye a falonka?" Ka tura ta saƙon sirri ga mutum ɗaya, da sunansa, kana nuna ka san aikinsa. Ka kuma tura tun zanen yana rabi, lokacin da gyara zai yi amfani. Wanda ya ga aiki an gama, an sa hannu, an sa firem, ya san maganarsa ba za ta sauya komai ba, sai ya yaba ya wuce.

Wa za ka tambaya? Ƙanina, kana zaune a bakin kogi kana neman ruwan alwala. Sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru, kuma yana cikin mafi daɗewa a ƙasar nan. A garinku ne, a 1958, tun makarantar tana kwaleji kafin ta zama jami'a a 1962, wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, cikinsu akwai Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo. Dukansu sun zama manya a fagen. Ba su da intanet, junansu suke da shi. Ka naɗe zanenka uku, ka hau mota zuwa Samaru, ka nemi ɗaliban ajin ƙarshe a ɗakin zane, ka gaishe su da ladabi ka ce gyara ka zo nema. Wanda ya riƙe takardar a hannu zai ga abin da waya ba ta nunawa. Daga nan ka nemi mutum huɗu ko biyar masu irin aikinka, ku buɗe ƙaramin zaure a WhatsApp da sharaɗi guda: duk wanda ya ɗora aiki, kowa sai ya faɗi abu ɗaya da ya yi daidai da abu ɗaya da ke son gyara. Kada ku bari ya wuce mutum goma, in ya cika sai kunya ta dawo. Kai ma ka riƙa shiga shafukan wasu masu zane kana rubuta sharhi mai ma'ana, mutane suna rama abin da aka yi musu.

In gyaran ya zo, zai yi zafi. Kada ka kare kanka, kada ka ce ai hasken ne, ai takardar ce. Ka yi godiya, ka rubuta a littafi. Ba kowace magana za ka bi ba, amma in mutum uku da ba su san juna ba suka nuna wuri ɗaya, to wurin yana da magana. Bari in fara maka, ko da yake ni ba mai zane ba ne, ido ba mudu ba amma ya san ƙima. A zanen tsohuwar, fuska tana da rai, mayafin kuwa a miƙe yake kamar an yanko kwali an ɗora. Haka rigar yaron a hoto na biyu. Ina jin ƙarfinka yana ƙarewa a fuska, sai ka gaggauta sauran.

Akwai kuma abin da ba kowa zai faɗa maka ba. Cikin masu ganin aikinka akwai waɗanda ke ƙyamar zanen mai rai saboda addini, su yi shiru su wuce, kuma ba za su taɓa rataye fuska a ɗaki ba. Hukuncin wannan na malamai ne, ka tambaye su. Ta fuskar kasuwa dai, hannun da ya fitar da tamojin nan zai iya fitar da ƙofar fadar Zazzau da adonta, da zankwayen tsofaffin gidajen cikin birni, da dagin Arewa, da zayyana irin ta allon sauka. Masu ofis da otal da 'yan Arewa mazauna waje suna son irin waɗannan. Ka gwada biyu ka ga abin da zai biyo baya.

Wanda ya ga hotunan nan uku, ta yaya zai san na sayarwa ne? Ba farashi, ba girma, ba yadda za a same ka. Mutane da yawa suna jin nauyin tambayar kuɗi don kada a faɗi abin da ya fi ƙarfinsu su ji kunya. Ka sauƙaƙa musu: A4 kaza, A3 kaza, da firem kaza, kwana bakwai, rabin kuɗi kafin alƙalami, ciko ranar karɓa. Ka sauke WhatsApp Business, kyauta ne, ka jera aikinka da farashi a kundin kayan da ke ciki. Wajen yanka farashi ka lissafa takarda da fensir da firem da kuɗin mota, sannan ka ɗora ladan kwana biyar ɗinka, ko da a kan abin da lebura ke samu a yini ne. In abin da kake karɓa bai kai haka ba, ƙarin 'yan kallo ƙarin asara zai jawo maka. Ka riƙa sa hannu da kwanan wata a kowane zane, ka adana bidiyon aikin. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare aikinka tun daga ranar da ka yi shi, amma in rigima ta taso hujja ake nema.

Mutum biyun nan da suka ba ka aiki, ka koma musu a makon nan. Ka tambaye su ina suka gan ka, me ya sa suka yarda, me suka so a ce ya fi haka. Wanda ya biya kuɗi ba ya jin nauyin faɗin gaskiya. Ka roƙe su su sa zanen a sitatus da lambarka, kuma in sun amince, ka ɗauki bidiyon lokacin da mai kyautar ya buɗe ta.

Dubu ashirin ɗin kuwa, ka sayi maƙalin waya mai ƙafa don ɗaukar bidiyo, da takarda mai kauri, ka kai zanen tsohuwar a sa masa firem bayan ka gyara mayafin. Abin da ya rage ka ajiye. Ka mayar da shafinka na Instagram na sana'a don ka riƙa ganin alƙaluman kowane abu da ka ɗora. Bayan mako shida, ka duba wanda aka fi turawa da adanawa, shi kaɗai za ka sa wa ɗan kuɗin talla, ka taƙaita shi ga Zariya da Kaduna da Kano da Abuja, inda za ka iya aika kaya a mota. In lokacin ya yi, ka turo min alƙaluman da sabon hoton tsohuwar, wanda ka ɗauka da hantsi.