Ƙaura daga VMware: amsar tambayoyin masu kula da saba

Tambayoyin wannan makon na masu kula da saba ne, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, kuma duk magana ɗaya suke yi: yadda za a kwashe kwamfutocin da ke gudana a cikin saba a mayar da su kan wata manhajar tushe. Ga wanda ba fanninsa ba, ga bayanin a taƙaice. Ana ɗaukar babbar kwamfuta guda a raba ƙarfinta, a ɗora kwamfutoci biyar ko goma a cikinta, kowace da Windows ɗinta ko Linux ɗinta, kowace tana zaton ita kaɗai ce. Su ake kira VM. Manhajar da ke ƙarƙashinsu tana raba musu firosesa da RAM da faifai ita ce manhajar tushe. Kamar gidan haya ne, ita ce mai gida, su ne 'yan haya. ESXi na kamfanin VMware irin wannan manhajar ce.

Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da kwamfutocin wata masana'anta a Sharaɗa. Mun daɗe muna kan VMware. An kawo takardar sabunta lasisi da dala, Alhaji yana gani ya ce ba zai biya ba, in nemo wata hanya. Ina zan nufa?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba Alhajinku kaɗai ya ce haka ba. Kamfanin Broadcom ya kammala sayen VMware a Nuwamban 2023 a kan kimanin dala biliyan 61, kuma kafin shekarar ta fita ya daina sayar da lasisin dindindin, ya koma biyan shekara-shekara. Lissafin ma ya canza. Yanzu ƙwayoyin firosesa ake ƙirgawa, kuma kowace firosesa ana ɗaukarta a matsayin mai ƙwaya 16 ko da ba ta kai ba. Sabar da ke da firosesa biyu masu ƙwaya 8 kowace, kuɗin 32 za ta biya. A Fabrairun 2024 aka janye ESXi na kyauta, a Afrilun 2025 aka dawo da shi, amma ba ya haɗuwa da vCenter, manhajar VMware da ke sarrafa sabobi da yawa daga wuri ɗaya, kuma manhajojin kwafin ajiya ba sa samun ƙofar da suke buƙata a cikinsa.

Kafin ka tayar da hankalinka, duba irin lasisin da ke hannunku. In na dindindin ne, sabar ba za ta mutu ranar da wa'adin tallafi ya ƙare ba, sabuntawa ce kawai za ta tsaya. Kana da lokacin shiri ke nan, amma ba na zama ba, musamman in ESXi 7 ne, wanda tallafinsa ya ƙare a Oktoban 2025.

In duk VM ɗinku Windows Server ne kuma lasisinsu na gaske ne, Hyper-V na Microsoft yana cikin abin da kuka riga kuka biya. Akwai XCP-ng na kamfanin Vates a Faransa, yana da kyau. Amma ni, ga irin wurarenmu na Sharaɗa da Bompai da Challawa inda mutum ɗaya ne injiniya kuma shi ne mai gyaran firinta, Proxmox VE nake ba da shawara. Wani kamfani ne a Biyana ta ƙasar Ostiriya ke yin sa a kan Debian da KVM. Duk ayyukansa a buɗe suke ba sai an biya ba, kuɗin tallafi ne kawai ga mai so. Ta burauza ake sarrafa shi, kuma yana tashi lafiya a kan tokumbon Dell da HP da yawancinmu ke da su. Abu ɗaya kada ka manta: lasisin Windows Server yana bin ka duk inda ka je. Nau'in lasisin da ake kira Standard VM biyu ya yarje maka a kan sabar da aka yi wa lasisi, ko a kan wace manhajar tushe ce.

Malam, saba ɗaya ce da mu a makarantarmu a Gyaɗi-Gyaɗi, VM huɗu a ciki, har da mai ɗauke da sakamakon jarrabawar ɗalibai. Zan iya goge ESXi in ɗora Proxmox a kanta a cikin hutun ƙarshen mako?

A nan gizo ke saƙa. In ka goge ESXi, a ina VM ɗin za su kwana? Proxmox ba ya karanta ma'ajiyar VMFS ta VMware kai tsaye, kuma faifan da ka zaɓa lokacin ɗora shi sharewa zai yi tas. Kana buƙatar kwamfuta ta biyu, ko da aro ce, ko da babbar kwamfutar tebur ce mai wadataccen RAM da faifai. Ka ɗora Proxmox a kanta, ka kwaso VM ɗin, su yi aiki a can na 'yan kwanaki, sai ka waiwayi tsohuwar.

Tun daga Proxmox 8.2 da ya fito a Afrilun 2024 aikin kwasowa ya yi sauƙi. A sashen ma'ajiya za ka ƙara sabar ESXi, ka ba shi adireshin IP da suna da kalmar sirri, sai ka ga VM ɗinka a jere, ka zaɓi wadda za a jawo. Ka haɗa shi da ESXi ɗin kai tsaye, ta vCenter ya fi jinkiri. In ka fi son aikin hannu, ka kwafo fayilolin faifan ka juya su:

qemu-img convert -f vmdk -O qcow2 tsoho.vmdk sabo.qcow2

Sai dai ka lura, a kan ESXi faifai ɗaya fayil biyu ne. Akwai ɗan ƙarami mai bayani, akwai babba mai "flat" a sunansa, wanda bayanan ke ciki. Da yawa sukan kwafo ƙaramin, su ga ya gama cikin daƙiƙa ɗaya, su yi ta murna.

Kwafe faifan shi ne mai sauƙin. Aikin gaske tun kana kan VMware ake yin sa. Ka haɗe duk sinafshot da ke kan VM ɗin, wato hotunan halin da faifai yake ciki a wani lokaci, su koma faifai ɗaya. Ka ɗauki biro da takarda, ba waya ba, ka rubuta adireshin IP na kowace VM, da ƙofar fita, wato gateway, da DNS, da adireshin MAC, da ko BIOS take tashi da shi ko UEFI. In Windows ce ka sa mata direbobin VirtIO, waɗanda za ta gane faifai da katin netwok na Proxmox da su, tun tana can, ka cire VMware Tools a ƙarshe, domin bayan ƙaura cire shi yakan ƙi ƙememe. In akwai BitLocker, makullin da Windows ke rufe faifai da shi, ka dakatar da shi, ka tabbata mabuɗin nan mai lamba 48 yana hannunka, saboda TPM ɗin da VMware ya ƙirƙira mata, inda mabuɗin faifan ke ajiye, ba ya bin ta. Kuma kafin komai a yi cikakken kwafin ajiya a wani faifai na waje, a cire shi daga jikin sabar a ajiye a ofishin shugaban makaranta.

Sai lissafin lokaci, wanda a Kano lissafin man janareta ne. Layin gigabit yana ɗaukar wajen megabait 110 a daƙiƙa, wato gigabait 500 zai ci kamar awa ɗaya da kwata in komai lafiya, a aikace kuma ya fi haka. In kuwa akwai tsohon suwic mai gudun megabit 100 a tsakani, gigabait 500 ɗin nan awa 12 ne da ɗoriya. Ka shiga ɗan ɗakin da sabar take, ka bi kebul ɗin da hannunka har inda ya shiga, sa'an nan ka duba abin da ESXi ya rubuta a gaban katin, 1000 ko 100. Wani lokaci suwic ɗin lafiyarsa ƙalau, kan kebul ne aka matse ba daidai ba, waya ɗaya ba ta taɓa, sai layin ya sauka 100 ba tare da ya gaya wa kowa ba. Mafi sauƙi ka haɗa kwamfutocin biyu da sabon kebul guda, kai da kai.

Za ka ga wani zaɓi da ke tayar da VM a kan Proxmox tun ana cikin kwaso faifanta. Abin sha'awa ne, amma kada ka taɓa shi sai in ka amince da inbatarka ɗari bisa ɗari. In aka ɗauke wuta a tsakiya, duk abin da aka rubuta tun tashinta ya tafi. Ka fara da VM ɗin da ba wanda zai yi kuka in ta kwana a kashe, mai sakamakon jarrabawa ta zo ƙarshe, kuma ba a makon da malamai ke shigar da maki ba.

Ranar da za ka ɗora Proxmox a kan babbar sabar, in kana son tsarin ajiya na ZFS ka sani ba ya jituwa da katin RAID da ke ɓoye masa faifai. Katin PERC H730 na Dell ana iya mayar da shi yanayin HBA, inda yake nuna faifan kai tsaye. In naka ba ya yi, ka bar RAID ɗin yadda yake ka zaɓi LVM. Tunda ka buɗe ta ma, ka busa ƙurar hunturun da ta toshe fankokin.

Ranka ya daɗe, ni ce akanta a wani shagon magani a Tarauni. Yaron da ke mana aiki ya mayar da sabarmu Proxmox, yanzu Windows ɗin shuɗin allo take nunawa mai rubutun INACCESSIBLE BOOT DEVICE. Bayananmu sun lalace ne?

Hajiya, kwantar da hankalinki, wannan saƙon ba na lalacewar bayanai ba ne. Windows ce ta farka ta tarar an canza mata hanyar da take bi zuwa faifanta, kuma ba ta da direban sabuwar hanyar. Ki nuna wa yaron wannan amsar.

Ɗana, ka kashe VM ɗin, ka zare faifan daga jerin kayanta, ka sake maƙala shi a matsayin SATA, ka saka shi a farkon jerin tashi. Windows ta san SATA, za ta tashi. Daga nan ka sauko da faifan direbobi na virtio-win ka sanya su. Ga dabarar da ake yawan tsallakewa: ka ƙara wani ɗan faifai na gigabait 1 a kan VirtIO SCSI, ka bari Windows ta gan shi ta loda direban. Sai ka kashe, ka mayar da babban faifan SCSI, ka jefar da ƙaramin. In ka bar shi a SATA zai yi aiki, amma da nauyi. Ka ƙarasa da sanya QEMU Guest Agent, don Proxmox ya iya kashe ta cikin tsari kuma kwafin ajiya ya fita da tsabta.

In baƙin allo ne ba shuɗi ba, yana cewa bai ga abin tashi ba, to BIOS da UEFI aka rikita. VM ɗin da aka girka da UEFI sai an zaɓa mata OVMF an ƙara mata faifan EFI, SeaBIOS ba zai tashe ta ba.

Bayan ta tashi, Hajiya, kada ki yi mamaki in kwamfutocin da ke gaban shago ba su ga saba ba. Katin netwok ɗin sabo ne a wurin Windows, tsohon adireshin yana maƙale a tsohon katin da ya ɓoye, sai an sake rubuta shi. A Linux ma haka ne, katin da ake kira ens192 a VMware yakan dawo ens18, dole a gyara sunan a fayil ɗin saiti. Manhajar lissafin magani kuma tana iya cewa lasisinta bai yi ba, domin da yawansu da adireshin MAC suke gane kwamfuta. A kwafi tsohon MAC ɗin a saka wa sabon katin, ko a kira wanda ya sayar muku da ita. Ki kuma hana kowa goge tsohuwar VM ɗin sai kin rufe lissafin wata guda a kan sabuwar. Amma kada a kunna su biyun lokaci ɗaya, adireshinsu zai yi karo.

Malam, ɗalibi ne ni a BUK. Ina da Ubuntu a VirtualBox a laftof ɗina, ina so in koma Hyper-V.

Fara duba Windows ɗinka. Hyper-V ba ya zuwa a Home, sai Pro ko Education ko Enterprise. In kana da shi, qemu-img zai juya maka VDI zuwa VHDX. Wajen ƙirƙirar VM ɗin ka zaɓi ƙarni na 1 in BIOS ce, na 2 in UEFI ce. Amma in ba wani abu mai muhimmanci a ciki, ka kwafe fayilolinka ka girka sabuwa, ya fi sauri.

Mun gama ƙaura, mun haɗa saba biyu a gungu ɗaya na Proxmox a ofishinmu na Zoo Road. Jiya mun kashe ɗaya don rage wa inbata nauyi, sai ɗayar ta ƙi tayar da kowace VM. Kuma muna ɗaukar sinafshot kullum, ya wadatar?

Ba lalacewa ta yi ba, ƙuri'a ce ba ta cika ba. Gungun Proxmox ba ya yarda a canza komai sai fiye da rabin sabobin suna raye suna ganin juna. Ɗaya cikin biyu rabi ne cif, ba rinjaye ba. Maganin shi ne ƙuri'a ta uku. Ba sai kun sayi wata sabar ba, ƙaramar kwamfuta mai Debian, ko da Raspberry Pi ce, za ta iya zama QDevice, wato mai kaɗa ƙuri'ar ta ukun, kuma wutar da take ci ba ta taka kara ta karya ba. In an matsu, umarnin pvecm expected 1 zai buɗe sabar da ke raye, amma sai ka tabbata ɗayar a kashe take da gaske, ba kebul ne ya zare ba. In kuwa kashe ɗaya zai zama al'adarku duk lokacin da babu wuta, ni da na raba su, kowace ta zauna da kanta.

Sinafshot kuma bai wadatar ba. A faifai ɗaya yake zaune da VM ɗin, in faifan ya mutu tare za su tafi. Amfaninsa kafin sabunta manhaja ne, in abu ya ɓaci a koma baya, in bai ɓaci ba a goge shi. Proxmox yana da jadawalin kwafin ajiya a cikinsa, ku saita shi ya riƙa zubawa a wata na'ura daban da dare, ko ku ɗora Proxmox Backup Server a kan tsohuwar kwamfuta, shi sassan da suka canza kawai yake ƙarawa. Sau ɗaya a wata ku dawo da VM guda daga kwafin da sabuwar lamba, ku zare mata katin netwok kafin ku kunna, ku shiga ciki ku buɗe fayil ɗin jiya.