Na haddace kalmomin Turanci da yawa, amma ba sa zuwa bakina

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da kayan waya a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Na cika littafi guda da kalmomin Turanci da karin maganar Turawa, ina hadda kullum bayan sallar Asuba, amma da baƙo ya tsaya a shagona ya yi mini Turanci sai komai ya gudu. Ina gyara yake? Daga wani mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gyaran yana cikin yadda kake tara kalmomin, domin kana ɗaukar kowace ita kaɗai, alhali a bakin masu harshe kalma tafiya take yi tare da abokan zamanta. Ka duba kalmar "ci" a Hausa: muna cin abinci, muna cin kasuwa, muna cin jarrabawa, muna cin amana, har mu ci mutuncin mutum. Baturen da ya haddace cewa "ci" tauna abinci ce da haɗiyewa zai yi zuru ranar da aka ce masa an ci shi tara. Haka Turanci yake. Kalmar "give" bayarwa ce, amma "give up" saduda ce, "look" dubawa ce, amma "look after" kula da wani ne, "put off" kuwa ɗage abu ne zuwa wani lokaci. Irin waɗannan gajerun haɗe-haɗe su ne suka cika hirar yau da kullum, kuma a ganina sun fi cancantar lokacinka a kan karin maganar da ake jerawa ɗalibai saboda jarrabawa.

Saboda haka kada ka sake rubuta kalma tsirara a littafinka. Ka rubuta ta cikin jimlar da ka ji ta, musamman jimlar da za ka buƙata a shago: yadda ake faɗin farashi, yadda ake cewa kaya sun ƙare, yadda ake ba mai saye haƙuri idan caja ta ƙi aiki. Kalmomin da ake buƙata ba su da yawa kamar yadda kake zato. Tun a 1953 wani malami mai suna Michael West ya fitar da jerin kalmomi kimanin 2,000 da suka fi yawo a Turanci, kuma mafi yawan abin da za ka ji a kasuwa ko a tashar jirgin ƙasa ta Rigasa bai wuce irinsu ba.

Game da karin magana, ka koyi gane ta, amma ka yi tsantseni wajen amfani da ita. Hanya mafi sauƙi ita ce ka nemo mata takwara a Hausa maimakon fassara kalma da kalma. Idan aka ce "raining cats and dogs", babu kyanwa babu kare, ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, ko da yake su kansu Turawan ba su cika faɗarta ba yanzu. Wata kuma tana da hatsari: "kick the bucket" mutuwa take nufi, sai dai da sigar raha ake faɗinta, don haka wanda ya ɗauke ta daidai da "ya riga mu gidan gaskiya" ya kai ta wurin ta'aziyya ya yi ɓaranɓarama.

Ka kuma bambance Turancinmu na Najeriya da na Ingila. Idan ka tashi ka ce "I am coming", mu mun san "ina zuwa" kake nufi, amma baƙo daga waje zai yi mamakin ganin ka ba shi baya. Wannan ba abin kunya ba ne, domin a Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya 29, ciki har da Kannywood da "next tomorrow", wato jibi. Abin lura shi ne ka san wanda ke gabanka.

Mantuwa kuwa ɗabi'a ce. Masanin nan na Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya nuna a 1885 cewa abin da aka haddace yana zubewa da sauri a farkon lokaci idan ba a maimaita shi ba. Ka rage haddar zuwa jimloli biyar a rana, ka waiwaye su gobe, sai bayan kwana uku, sai bayan mako, kuma kafin ka rufe shago ka tabbata ka faɗa wa wani ko da ɗaya daga cikinsu, ko da maƙwabcinka ne mai gyaran waya.