Kajin Japan: ka fara da tambayar wa ya yanka

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce za ka yi mako biyu a Japan, kuma kana ganin tunda kaza ce ba alade ba, ko'ina ka shiga sai ci. Ni ma da wannan tunanin na sauka Tokyo, amma daren farko ya raba ni da shi.

Abokin aikin da ya tarbe ni ya kai ni Omoide Yokocho, wani ɗan lungu a gefen tashar jirgin ƙasa ta Shinjuku. Hayaƙi, ƙamshi, mutane a matse kafaɗa da kafaɗa, wallahi sai ka rantse gaban tukubar mai tsire kake. Abin da suke gasawa shi ne yakitori, kaza a tsinke bisa gawayi. Ba sa zubar da komai: cinya da albasa mai ganye ita ce negima, ƙundu sunagimo, guringuntsi nankotsu, fata kawa, niƙaƙƙen nama a dunƙule kuma tsukune. Har na ɗaga hannu zan yi oda, sai na ga mai gashin yana tsoma tsinke cikin wata tukunyar baƙin romo mai kauri. Na tambaya, aka ce sunansa tare, ana dafa shi da ruwan waken soya, sukari, mirin da sake. Biyun ƙarshen nan giyar shinkafa ce. Can gefe kuma, a kan waya ɗaya, ga ganye an naɗe da naman alade yana tsiyayar da mai. Dafaffen wake da shayi na sha na tashi, kuma sai da na biya kuɗin ɗan abin taɓawar da aka ajiye mini ban nema ba. Otoshi suke ce masa, al'ada ce, kada ka yi rigima a kai.

Maganar romon tana da mafita. Za a tambaye ka "shio ko tare", ka ce shio, wato gishiri zalla. Ni ma dai na fi son sa haka, ɗanɗanon kazar ya fi fitowa, sai ka barbaɗa shichimi, yajinsu, duk da ga wanda ya saba da yajin ƙuli sanyi zai yi maka. Amma ka sani wasu na fesa sake a kan naman kafin su sa gishirin.

Babbar matsalar ita ce yanka. Yawancin mutanen Japan Shinto da Buda suke bi, ba Ahlul Kitabi ba ne, don haka rangwamen da wasu ke kafa hujja da shi a Turai bai tsallako nan ba. Ban da ilimin ba ka fatawa, ka tuntuɓi malaminka, ni dai sai inda na ga takardar halal nake cin nama. Kuma akwai su. Unguwar Shin-Okubo cike take da shagunan Musulmi, Asakusa ma akwai gidajen abinci na halal, babban masallacin Tokyo Camii da ke Yoyogi-Uehara kuma yana da kanti. In ka yi Juma'a a can ka tambayi 'yan'uwa, sun fi wayarka sanin inda ke buɗe. Ka lura da masu rubuta "Muslim friendly", wani lokaci ma'anarsa kawai babu alade, sai ka bincika.

A irin waɗannan wurare na ci karaage, soyayyar cinya da aka jiƙa da citta da tafarnuwa aka bulbule da sitaci. Waje ƙurus-ƙurus, ciki ruwa na tsartuwa. Na ci oyakodon ma, kaza da ƙwai a kan shinkafa, sunan na nufin uwa da ɗa. Ƙwan ba ya nuna sosai, in zuciyarka ba ta ɗauka ka ce a ƙara masa wuta. Fiffiken Nagoya da ake ta yabo, tebasaki, kallonsa kawai na yi.

In masaukinka na da kicin, kantin Gyomu Super kan sayar da daskararriyar kazar Brazil mai tambarin halal, da araha. Ita ta riƙe ni rabin zamana. Ka tafi da yajinka daga gida.

Abu biyu kada ka manta. A garin Muroran na Hokkaido in aka ce yakitori, alade ake nufi, don haka ka adana wannan alama 豚, wadda ke nufin alade, a wayarka. Sannan a kudu, wajen Kagoshima da Miyazaki, suna cin ɗanyar kaza, torisashi. Ko da a ce liman ne ya yanka ta da hannunsa, ban ba ka shawara ba, gudawar da take jawowa na iya cinye maka sauran kwanakin tafiyar a ɗakin otal.