Hular kwano ta hannu, sulken baya da maƙalin takalmi: amsoshin tambayoyinku kan wasan alkafura a dusar ƙanƙara

Jama'a barkanmu da warhaka. Tambayoyin wannan karon kusan duk waje ɗaya suka dosa, wato kayan kariya na masu wasan siki (zamiya a kan dusar ƙanƙara da dogayen alluna biyu a ƙafa) na salo, irin wanda ake tashi sama ana alkafura ana bi ta kan ƙarafa da akwatuna, ba zamiya kawai daga kan dutse zuwa ƙasa ba. Na tsinto waɗanda aka fi maimaitawa na ɗan gajarta su.

Tambaya: Salam Malam. Bana na fara shiga filin tsalle, kuma gaskiya aljihun ba nauyi. Wani abokina zai sayar min da hular kwanonsa da ya yi shekara biyu da ita, ba tsagewa ko ɗaya sai 'yar ƙarzuwa ta gefe. In karɓa?

Ƙanena dan Allah kar ka karɓa. Sikin kansa, sanduna, riga, wando, duk waɗannan in ka samu na hannu masu kyau saya abinka ba matsala, amma hular kwano ita kam sabuwa. Dalili kuwa ba wannan robar mai sheƙi ta waje ce take aikin ba, farin soson nan mai tauri da ke ciki shi ne komai, kuma yadda aka yi shi in kai ya bugu sai ya murƙushe ya shanye ƙarfin bugun, to daga nan baya komawa yadda yake, aikinsa na wannan wajen ya ƙare. Kamar kwalin ƙwai ne da aka taɓa takawa, kana iya miƙe shi ya yi kyau a ido amma bazai sake tare komai ba. Shi kansa abokin naka bazai iya rantsewa sau nawa kansa ya daki ƙanƙara a shekara biyun nan ba, balle kai, kuma 'yar ƙarzuwar gefen da kake rainawa wataƙila ita ce shaidar.

In ka je saye ka fara da leƙa cikin hular, akwai 'yar takarda a manne, ka nemi EN 1077 wanda shi ne ma'aunin Turai ko ASTM F2040 na Amurka. In babu ko ɗaya ajiye ta komai kyanta. Hular keke ma bata zama madadi, ba don sanyi da irin wannan faɗuwar aka gwada ta ba. Bayan takarda sai zama a kai, kuma wallahi nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗinsu. Ka sa tef ka auna kanka da santimita ta ɗan saman gira, ka gwada hular ba tare da ka ɗaure igiyar haɓa ba ka girgiza kai hagu da dama sama da ƙasa, in tana rawa ita kaɗai ta yi maka yawa, in fatar goshinka na motsi tare da ita to ta zauna. Mai araha da ke da takarda kuma ta kama kanka ta fi mai tsadar da ke lilo nesa ba kusa ba. Zaka ga wasu da ɗan tambarin MIPS mai ruwan ɗorawa, wani siririn shimfiɗi ne a ciki da ke ɗan zamewa in kai ya bugu a karkace don ya rage murɗawar da ke isa ƙwaƙwalwa, a Suwidin aka ƙirƙiro shi, kuma tunda faɗuwar mai alkafura kusan kullum a karkace take ni ina ganin ya cancanci ƙarin kuɗin in da hali. In babu hali kar wannan ya hana ka sayen ta talaka mai takarda.

Sai abu ɗaya da yake damuna da samarin filin tsalle, wannan yayin na cire soson kunne a sa ƙatuwar hular sanyi da tabarau a ciki sannan a ɗora hular kwano can ƙeya goshi a buɗe. Hular da ta koma ƙeya ba goshin da take karewa. In sanyi ne ka sa siririn abu mai laushi a ciki ya wadatar.

Tambaya: Ɗana shekararsa 13, ya iya zamiya sosai yanzu ya nace sai ya fara hawa ƙarafa da ƙananan tsalle. An lissafo min kaya kala-kala har kaina ya ɗaure, sulken baya, wando mai soso, na gwiwa, na wuyan hannu, robar baki. Wanne ne dole wanne ne talla?

Hajiya sannu da ƙoƙari, kuma kin kyauta da kika tambaya kafin ki saya. Hular kwano dai ba sai an faɗa ba, abinda zan roƙe ki shi ne kar ki saya masa babba wai don ya girma a ciki, a kan takalmin gida ake wannan dabarar ba a kan kai ba. Bayanta ni wandon soson zan sa a gaba, saboda mai koyon ƙarfe faɗuwarsa ɗaya ce kullum, sikin ya sulluɓe gaba shi ya zauna daɓas a kan ƙarfen ko ya sauka ta ƙugu, kuma ciwon ƙarshen ƙashin baya yana daɗewa, yaro ya yi makonni baya iya zama daidai a kujerar aji. Ki duba wanda sosonsa ya rufe ƙugu biyu da can ƙasan baya, ya kama jiki ba ya zamewa.

Na uku sulken baya. Yawancinsu za ki ga an rubuta EN 1621-2, asali ma'aunin masu babur ne aka aro, kuma mataki biyu ne. A gwaji ana sako nauyi a kansa a auna ƙarfin da ya ratsa zuwa jiki, mataki na 1 kada matsakaicin ya wuce kilonyutan 18 (ma'aunin ƙarfin bugu kenan), mataki na 2 kada ya wuce 9, kin ga kenan na biyun rabin bugun yake bari ya wuce. Sai dai yakan fi kauri da zafi, kuma sulken da yaro zai cire ya cusa a jaka saboda ya takura masa bashi da amfanin komai, don haka ki bar shi ya gwada ya sunkuya ya murɗa jiki a gabanki. Irin mai kamar falmaran mai taushi, wanda sosonsa ke yin tauri lokacin bugu irin su D3O, yara sun fi jure shi. Tsayinsa ya taso daga gindin wuya zuwa ƙasan baya, amma in ya ɗaga kai sulken na tura hular gaba tana rufe masa ido to ya yi tsawo. Kuma ki sani bugu yake tarewa, ƙarfe ko dutse ko sikin wani, amma in yaro ya wuce gangaren sauka ya dira a kan shimfiɗaɗɗen waje nauyinsa ya danne ƙashin bayan daga sama zuwa ƙasa, wannan babu sulken da ke hana shi.

Robar baki kuwa ita ce mafi araha a cikinsu kuma ita aka fi mantawa, alhali in an dira da ƙarfi gwiwa kan taso ta daki haɓa, haƙori ya fita ko a datse harshe. Saya masa. Na wuyan hannu ki bar shi tukunna, masu zamiya a kan faffaɗan allo guda maimakon siki biyu ne suka fi karya wuyan hannu don da tafi suke tare ƙasa, mai siki babban yatsa ne nasa, in ya faɗi sanda na hannunsa igiyarta ta riƙe ta banƙare yatsan, shi yasa da yawa a filin tsalle basa zura hannu a igiyar sam. Na gwiwa mai soso in kuɗi ya ragu.

Amma Hajiya in da zan raba miki kuɗin nan, kaso mai tsoka na mai koyarwa ne. Filayen suna sa alamar girma a kowane tsalle, S da M da L har XL, yaro ya daɗe a kan S, kuma duk wata alkafura a fara ta a kan tarampolin, shimfiɗar nan mai cilla mutum sama, ko ramin soso ko katifar iska kafin a kai ta kan ƙanƙara, haka ƙwararrun ma suke yi, masu tsallen sama har cikin ruwa suke dira da rani suna atisaye.

Tambaya: Sikina yana yawan ficewa in na dira, abokai sun ce in ƙara ɗaure lambar maƙalin takalmin zuwa sama. Ko kuma in sayi abin ɗaure gwiwa?

Ɗan'uwa ajiye sukundireban nan. Maƙalin nan da ke riƙe takalmi shi ma kayan kariya ne ko da yake ba a lissafa shi, an yi shi ne ya sake ka kafin ƙashin ƙwaurinka ya karye. Lambar da ke jikinsa, wadda ake cewa DIN, ba da ka ake zaɓenta ba, akwai jadawali da ake bi da nauyinka da tsayinka da shekarunka da tsawon tafin takalmin a milimita da kuma irin zamiyarka. Sau da yawa ma ficewar ba daga lambar bane, ko dusar ƙanƙara ce ta daskare a ƙasan takalmi baka kakkaɓe ba, ko tafin ya cinye saboda tafiya a kan kwalta, ko maƙalin baya bai matso takalmin yadda ya kamata ba, ko kuma kai ne kake dira a karkace. Ka kai wa masu gyara su gwada shi a inji, in ya kamata a ƙara su zasu faɗa maka.

Batun gwiwa kuwa, jijiyar tsakiyar gwiwa da likitoci ke kira ACL ta fi tsinkewa ne in mutum ya dira nauyinsa a baya kamar zai zauna, bayan takalmin ya turo ƙwauri gaba, kuma a wannan yanayin maƙalin ma ba lallai ya sake ba. Maganinsa ƙarfin cinya gaba da baya da koyon dira a tsakiyar siki, sannan in ka riga ka faɗi kana zamewa kar ka yi ƙoƙarin miƙewa sai ka tsaya. In an taɓa yi maka aiki a gwiwar to likitanka ne zai zaɓa maka abin ɗaurewa, ba ni ba, ba abokai ba.

Tambaya: Tabarau ɗaya ya isa ko sai biyu?

Firam ɗaya gilashi biyu in zai yiwu ƙanwata. Ana jera duhunsu daga S0 zuwa S4, S3 na rana tsaka, S1 na ranar hadari da komai ke zama fari fat baka bambance tudu da kwari, kuma mai tsallen da baya ganin inda zai dira yana cikin haɗari ko me ya saka. Ki tabbatar yana tare hasken UV gaba ɗaya, wato hasken ranar nan da ba a gani mai cutar da ido, sabuwar dusar ƙanƙara tana iya maido da kusan kashi 80 cikin 100 nasa zuwa ido. Ki je da hularki wajen gwaji don kar a bar rata a goshi, kuma in cikin gilashin ya jiƙe kar ki goge, ki bar shi ya bushe da kansa.

Tambaya: Malam ni fa ban gane ba. Sarah Burke da hular kwano ta faɗi kuma ta rasu. To meye amfaninta?

Tambayar nan da nauyi, kuma gaskiya ne abinda ka faɗa. Sarah Burke 'yar Kanada tana cikin waɗanda suka yi ta fafutuka har aka sa wasan siki a kwarin nan mai kamar rabin bututu a gasar Olamfik ta Sochi a 2014, amma bata ga ranar ba, ta faɗi wajen atisaye a Park City ta jihar Utah a Janairun 2012, jijiyar jini ta wuya da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta yage, ta rasu tana da shekara 29. Hula bata kare wuya. Kuma gwajin da ake wa hulunan nan bugu ne na gudun wajen kilomita 20 a awa, alhali bangon kwarin gasa kaɗai ya kai mita 6.7 kafin a ƙara tashin da mutum zai yi a samansa. Duk wanda ya ce maka hula ta gama magana bai faɗa maka gaskiya ba, har girgizar ƙwaƙwalwa ana samu da ita a kai.

Amma ka duba ɗaya gefen. Michael Schumacher, shahararren direban tseren motoci, da ya daki dutse da kai yana siki a Méribel ta Faransa a Disambar 2013, likitocin da suka karɓe shi a Grenoble cewa suka yi ba don hular ba da bai iso wajensu da rai ba. Yawancin faɗuwar da za ta same ka ba irin ta gasar duniya bace, ƙeya ce za ta daki ƙarfe ko ƙanƙara mai tauri a ƙaramin gudu, kuma daidai nan ne hular take raba tsakanin ciwon kai da fashewar ƙoƙon kai. Abinda nake tsoro kawai shi ne mutum ya saka kaya ya ji kamar an ba shi lasisin hawa tsallen da ya fi ƙarfinsa.

Tunda mun zo nan bari in ƙara wannan, don ya fi duk abinda za ka saya. In kanka ya bugu, ko na abokinka, wasan ranar ya ƙare ko da an miƙe ana dariya. Natasha Richardson 'yar fim ɗin Ingila a gangaren 'yan koyo ta faɗi a Mont Tremblant ta Kanada a Maris 2009, ba hula a kanta, ta tashi tana magana lafiya lau har ta ce bata buƙatar likita, ashe jini na taruwa a cikin kai, bayan kwana biyu ta rasu. Ciwon kai da ke ƙaruwa, amai, jiri, maimaita tambaya ɗaya, barcin da ba a gane masa ba, gani biyu-biyu, ko ɗaya ka gani a tafi asibiti take, kar a bar mutum shi kaɗai a ɗaki. In kuma wuya ko baya yake kuka da shi, ko yace hannu ko ƙafa sun yi masa sanyi baya jinsu, kar a ɗaga shi kar a cire masa hula, wani ya hau sama ya kafa siki biyu a gicciye don masu tahowa su san an rufe tsallen, a kira masu ceto na dutsen su zo da abin ɗaukarsu. Ita kuma hular da ta sha wannan bugun a yanke igiyarta kafin a jefar, don kar wani ya tsinta ya saka.