Agwagwata na ɗingishi, wane magani zan saya?

Assalamu alaikum jama'a. Tunda damina ta kankama a Kaduna rabin saƙonnin da ke shigo min duk akan ƙafar agwagwa ne, kuma kusan kowa sunan kwalba yake so in faɗa masa ya tafi kemis. To ɗingishin agwagwa ba iri ɗaya bane, abinda zai tada wata shi zai ƙarasa wata, shiyasa na zaɓo saƙo huɗu da basu yi kama da juna ba.

Na farko wata Hajiya ce daga Unguwar Rimi. Tace suna da toron agwagwa da yara suka raina tun yana ƙarami har ya zama ɗan gida, yanzu sati biyu kenan yana ɗingishi, da ta juya ƙafar taga kumburi a tafin da wani baƙin ɓawo a tsakiya. Mai kemis yace ta sayi kafso ta dinga fasawa a ruwan shansa, maƙwabciya kuma tace ta shafa baƙin mai. Tana tambaya wanne zata bi.

Hajiya, ko ɗaya. Amma bari in fara yaba miki da kika juya ƙafar kika duba, don mutane da yawa sai suyi wata guda suna ɗura magani basu taɓa kallon tafin ba. Wannan baƙin ɓawon shine ƙofar ciwon. Fatar tafin ce ta goge ko ta tsage, ko ƙusa ko kwalba ko waya ta ɗan yanke shi, ƙwayar cuta ta shiga, yawanci wadda likitoci ke kira Staphylococcus, irin mai kawo mana maruru. Sai dai akwai bambanci babba tsakanin marurun mutum da na tsuntsu: mugunyar tsuntsu ba ruwa-ruwa bace, daskarewa take kamar cuku ta zama dunƙule a ciki, babu yadda za'ayi ta tsiyaye da kanta. Kinga kenan kafson da aka zuba a ruwa da ƙyar zai kai cikin wannan dunƙulen, ga shi agwagwa rabin ruwanta wanka take da shi, bakisan nawa ta sha ba nawa ta watsar. Kuɗi ne kawai zaki zubar, kuma ki koya wa ƙwayar cutar jure magani. Baƙin mai kuwa dan Allah a bar wa janareta kayansa, datti ne da guba, kuma toron zai bi ƙafar da baki ya haɗiye.

Kayan da zaki saya basu da yawa. Gishirin Epsom, ana samu a manyan famasi, kar a baki na Andurus wanda ake sha don ciki, ba ɗaya bane. In ba'a samu ba gishirin miya ma ya wadatar. Sai aidin ɗin wanke ciwo irin Betadine, da gozi, wato farin ƙyallen rufe ciwo, da bandeji mai kama kansa da masu maganin dabbobi ke sayarwa, da safar hannu, don ƙwayar nan tana iya shiga ciwon da ke hannunki. Ki samu ruwa mai ɗumi wanda gwiwar hannunki zata iya jurewa, ki narka gishirin, ki nannaɗe toron da tsohon zani fukafukai a ciki ki tsayar da shi a roba minti 10 zuwa 15, sau ɗaya ko biyu a rana. Ki kula da farcensa, agwagin gidan nan masu jan fuska farcensu kaifi gare shi ba wasa, kuma kar ki bari ya sha ruwan don Epsom zawo yake sawa. Bayan jiƙon ki goge da aidin da aka sirka da ruwa, ki ɗora gozi mai kauri a tafin ki naɗe, ba tamau ba, yatsun a shimfiɗe kar su dunƙule, ki taɓa su bayan ɗan lokaci in kinji sun yi sanyi ko sun kumbura to naɗin yayi tsauri, a kwance a sake.

Bayan kwana uku zuwa biyar ɓawon zai yi laushi, wani lokaci shi da kansa yake ɗagowa da dunƙulen a maƙale. In ya ɗago, madalla, a wanke ramin a cigaba da naɗi kullum har fata ta rufe, kuma ba aikin kwana biyu bane, yana iya cin sati uku ko fiye. In bai ɗago ba kada ki ɗauki reza. Wannan daga bakin wanda ya taɓa yi kike ji: shekarun baya na yi wa wani torona haka da sabuwar reza ina ganin ai ƙaramin aiki ne, jini ya ƙi tsayawa, na tono rabi na bar rabi, bayan sati biyu kumburin ya haura gwiwa, ƙarshe yanka shi muka yi yarana suka ƙi cin naman. Cikin tafin nan akwai jijiyoyi, wanda bai san hanyarsu ba ɓarna zai yi.

To yaushe za'a nemi likitan dabbobi? In kumburin ya wuce tafi ya hau ƙafa, ko gwiwar ta yi zafi in kin taɓa, ko ƙafa biyun ne, ko ya daina cin abinci, ko anyi sati ana jiƙo babu sauƙi. Shi ne zai fasa ya cire dunƙulen yadda ya kamata, ya rubuta maganin da ya dace da nauyin tsuntsun, harda na rage zogi, yawanci meloxicam suke ba tsuntsaye. Kar a bashi diclofenac ɗin da ke cikin durowa, wannan maganin shi ya kusa ƙarar da ungulayen Indiya ta hanyar lalata musu ƙoda, har ƙasar ta hana ba dabbobi shi a 2006. Akwai likitocin dabbobi a cikin gari, in kuma abin ya gagara ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, tafiyar awa ɗaya da ɗan wani abu ce.

Amma Hajiya maganar da tafi duk wannan, ina yake kwana, ina yake yini? Baki faɗa ba amma na ci amana in tsakar gidan ba siminti ko intalok bane. Agwagwa an halicce ta ne don laka da ciyawa da ruwa, tafinta laushi gare shi, ga toro da nauyi, wani yafi kilo huɗu, musamman ɗan gida da kowa ke jefa wa ragowar tuwo da shinkafa. Yini akan siminti mai kaushi, kwana akan jiƙaƙƙen kashi, ko kin warkar da shi yau bayan wata biyu zai dawo. Ni da kuɗin nawa ne buhu biyu na ɓawon katako zan fara saya, ɓawon da injin fere katako ke fitarwa nake nufi ba garin nan mai laushi kamar fulawa ba, ana samu wajen 'yan katako a Panteka da sauran wurare, ko kuma ɓuntun shinkafa daga masu inji. A zuba da kauri kamar tsawon yatsa, a dinga kwashe inda ya jiƙe kullum. A ware masa wani lungu a zuba yashi mai laushi, a bashi baho na wanka da ake canja ruwan, amma sai bayan ciwon ya rufe. Kafin nan kwanon da zai iya tsoma kansa kawai.

Na biyu wani matashi ne daga Rigasa, yace yana da 'ya'yan agwagwa goma sha ɗaya 'yan sati uku, uwar ta mutu shi yake riƙonsu a keji, yanzu huɗu ƙafafunsu sun gwame, in sun yi taku biyar sai su zauna, tafin kuma lafiya lau babu ciwo. Dusa da tsakin masara yake basu, wani lokaci ya ɗebo abincin kajin ƙwai na babarsa. Wai allura zai saya ko maganin ruwa.

Ƙanina, naka ba cuta bace, abinci ne. Akwai wani bitamin da ake kira nayasin, B3 kenan, ɗan agwagwa yana buƙatarsa fiye da ɗan tsako, wajen miligiram 55 a kowane kilo na abinci, shi kuma ɗan tsakon burela 35 ya ishe shi. Masara tana da shi amma a ɗaure yake jiki baya iya cira sosai. Waɗanda ke bin uwarsu suna tsintar tana da ƙwari da ɗanyen ganye basu cika samun wannan matsalar ba, naka kuwa a keji suke, abinda ka zuba shi kenan duniyarsu, ga su da saurin girma, jiki na ƙaruwa ƙafa bata samu abin ginuwa ba. Ka sayi sitata, wato abincin farko na 'yan tsaki, ya zama shine tushen abincin, ka daina taɓa na babarka, sinadarin ƙashin da ke cikin abincin kajin ƙwai yayi wa ƙodar ƙananan tsuntsaye yawa. Sannan ka sayi bitamin na kaji mai narkewa a ruwa, amma kafin ka biya ka juya bayan leda ka karanta, in baka ga an rubuta niacin ko nicotinamide ba ka ajiye, kuma ka guji wanda aka haɗa da maganin kashe ƙwayoyin cuta a ciki, yawancin masu shago shi suke fara miƙowa. Bi-kwamfules na mutane ma yana yi, abinda ake nema kamar miligiram 100 zuwa 150 na nayasin a lita huɗu na ruwa, a canja kullum. In an kama da wuri cikin sati guda zaka ga sun fara miƙewa, wanda ƙashinsa ya riga ya lanƙwashe sosai kuwa sai haƙuri.

Nasan wani zai ce a basu ƙuli-ƙuli tunda gyaɗa na da nayasin. Gaskiya ne tana da shi, amma ni bana so. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar aflatoxin, kuma cikin tsuntsayen gida ɗan agwagwa ne yafi kowa rashin jure ta. Ta dalilin tunkuzar gyaɗa ma aka gano gubar, lokacin da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila a 1960. Da damina irin wannan kuwa komai saurin fumfuna yake, har sitatan ma ka sayi kaɗan-kaɗan a mudu ka shinshina kafin ka karɓa. Kuma in ƙasan kejin waya ce ko leda mai santsi ka shimfiɗa tsohon buhun algarara.

Na uku Malam ne daga Hayin Banki. Agwaginsa na fita yawo bakin wani kududdufi, jiya lafiya lau, yau da safe uku sun kasa tashi, fukafukai sun saki, ɗaya wuyanta ma ta kasa ɗagawa.

Malam wannan ba na kemis bane, kuma ba na jira bane. Abinda yafi kama da shi guba ce da ke fitowa daga mushe ko ruɓaɓɓen abu a ruwan da baya gudu, ko tsutsotsin da suka ci mushen agwagwa ta tsince su. Haka take tafiya, ƙafa ta fara mutuwa, sai fiffike, sai wuya. Kafso baya yi mata komai tunda gubar ta riga ta shiga jini. Ka kulle sauran yau ɗin nan, waɗanda suka kwanta ka sa su a inuwa, ka tallafe musu kai kar su faɗa cikin kwanon ruwa su nutse, a dinga basu ruwa mai tsabta kaɗan-kaɗan, wadda bata sha da yawa ba tana iya tashi cikin 'yan kwanaki. Amma in kaga ana mutuwa bi da bi, ko kajin unguwa ma suna faɗuwa, kar ka yanka kar ka kai kasuwa, kar yara su taɓa, ka sanar da ofishin likitan dabbobi na gwamnati. Mu 'yan Kaduna bamu manta ba, murar tsuntsayen nan ta H5N1 a jiharmu aka fara tabbatar da ita a duk Afirka, a wata gona wajen Jaji cikin Fabrairun 2006, kuma sai an kai samfuri ɗakin gwaji irin na Vom a Filato ake rabe wannan da wancan, ido kaɗai baya iyawa.

Na ƙarshe gajere ne, wata 'yar uwa daga Tudun Wada taga macen agwagwa a kasuwa an rage mata kuɗi sosai don tana ɗan ɗingishi, mai ita yace ɗaurin igiya ne kawai, ta saya?

Yana iya zama gaskiya, don yadda ake ɗaure musu ƙafa a rataya a mashin kai a ƙasa dole su yi tsami, ƙafar agwagwa bata kai ta kaza ƙwari ba, a jiki ake rungumarta ba'a ɗaga ta ta ƙafa. Kice ya kwance ta ya ajiye ta ƙasa na ɗan lokaci, ki juya tafin duka biyu, ki matsa gwiwoyin kiji ko ɗaya tafi ɗaya girma ko zafi. In shatin igiya ne kawai ki saya, ki ware ta sati biyu kafin ki haɗa ta da naki. In kinga baƙin ɓawo ko gwiwa a kumbure ki miƙa masa abarsa, ragin da yayi miki bazai sayi ko bandejin ba. Ki kuma tambaye shi ko an bata kafso kwanan nan, don in an bata sai an ɗau kwanakin da aka rubuta a jikin maganin kafin a ci ƙwanta.